BAƘO DA 'YANCIN GARI

Jama'a, tun da aka fara buga wannan 'yar takarda tamu, babu tambayar da ta fi yawan zuwa hannunmu kamar ta takardun zama. To, cikin 'yan kwanakin nan sai ga wata ta biyo bayanta. Waɗansu daga cikinmu sun ji labarin cewa hukumar wannan birni na Guangzhou ta kan zaɓi baƙo ta naɗa shi ɗan gari na girmamawa, har maganar ta yaɗu cewa wai wanda aka yi wa wannan ya huta da neman biza, shi da iyalinsa, har abada. Akwai ma masu cewa ya kamata mu haɗa kai mu miƙa sunan ɗaya daga cikin dattawanmu, ko Allah ya sa a dace.

Maganar ba ta wasa ba ce, gama ta shafi zamanmu da na 'ya'yanmu. Sabo da haka muka ga ya kyautu mu zauna mu bi ta daki daki: ina asalin wannan al'ada, yadda a ke yinta a Turai, yadda kakanninmu suka yi tasu a ƙasar Hausa, yadda wannan birni ya riƙa karɓar baƙi tun zamanin da, sa'an nan abin da girman ya ke ba mutum da abin da ba ya ba shi.

ASALIN ABIN A INGILA

A zamanin da, biranen Ingila suna da ganuwa da ƙofofi kamar Kano da Katsina. Mutanen ƙauye galibi a ƙarƙashin iyayen gijinsu su ke, masu ƙasa, ba su da ikon tashi su koma inda su ke so. Amma wanda aka rubuta sunansa cikin 'yantattun birni, shi kam ya fita daga wannan ƙangi. Yana da ikon buɗe shago, ya yi sana'arsa, ya shigo da hajarsa kasuwa ba tare da biyan kuɗin ƙofa ko na gada ba, ya kuma sa baki cikin zaɓen shugabannin gari. A Landan, rubutu mafi daɗewa da ke nuna an ba wani wannan 'yanci na shekarar 1237 ne.

Hanyoyin samunsa uku ne. Ko mutum ya gada wajen ubansa, ko ya yi shekara bakwai yana koyon sana'a ƙarƙashin wani maigida, ko kuwa ya saya da kuɗi. Ƙungiyoyin sana'a su ke riƙe da ƙofar, watau kamar a ce ba mai fawa sai da sanin Sarkin Fawa, ba mai ƙira sai da sanin Sarkin Maƙera. Har yau a kan ji ana cewa 'yantaccen Landan yana da ikon kora tumaki bisa gadar birnin. Asalin maganar shi ne ba ya biyan kuɗin fito in ya kawo dabbobinsa kasuwa. Masu sana'ar ulu na birnin su kan shirya korar tumaki a kan gada sau ɗaya a shekara, don tunawa da kuma tara gudummawa ga mabukata.

Da zamani ya juya, kowa ya sami damar ciniki inda ya ga dama, sai amfanin takardar ya ragu, girmanta ya saura. A 1885 Majalisar Ingila ta yi doka wadda ta ba garuruwa ikon ba fitattun mutane 'yancin gari don girmamawa kawai. Dokar 1972 ta ƙara tsara abin: sai an kira zama na musamman na majalisar gari, kuma sai kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a a zaman sun yarda. A da a kan sa takardar cikin akwatin zinariya a miƙa wa mai ita. Cikin waɗanda Landan ta yi wa wannan akwai Florence Nightingale mai jiyyar sojoji a 1908, da Churchill a 1943, da Nehru na Indiya a 1956. Har rundunar soja a kan ba, ma'anarsa kuwa gari ya amince da ita ta ratsa titunansa ana kaɗa ganguna, tuta a buɗe, banati a bakin bindiga. Amurkawa su kuma sun fi son miƙa mabuɗin gari, ko da ya ke ƙofar da zai buɗe babu ita.

GIRMAN DA KE DA NAUYI

Kada mai karatu ya ce ashe duk biki ne kurum. Akwai lokacin da wannan takarda ta yi aikin da gwamnati ta ƙi yi. A 1981, sa'ad da Nelson Mandela ke kurkuku, manyan Turai da yawa kuwa suna kiransa ɗan ta'adda, birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan ya ba shi 'yancin gari. A 1986 suka sake wa wani fili suna suka sa masa sunansa, filin nan kuwa a nan ofishin jakadancin Afirka ta Kudu ya ke, sabo da haka duk wasiƙar da za ta je wa wakilan gwamnatin da ta ɗaure shi sai an rubuta sunansa a bayan ambulan. Bai sami zuwa ya karɓa da hannunsa ba sai a watan Oktoba na 1993. Landan ta bi baya da nata a 1996.

Abin da aka bayar kuma a kan karɓe. Birnin Oksfod ya ba Aung San Suu Kyi ta ƙasar Bama 'yancin gari a 1997, lokacin tana fama da mulkin soja. Bayan shekara ashirin, a 2017, majalisar garin ta janye shi, domin ta yi shiru sa'ad da sojojin ƙasarta ke karkashe Musulmin Rohinja suna korarsu. Kanada ma ta janye nata a 2018. Watau gari yana faɗin halinsa ne ta bakin wanda ya zaɓa, in wanda aka zaɓa ya sake hali sai garin ya janye bakinsa.

YADDA KAKANNINMU SUKA YI

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan. Labarin asalinmu ma da baƙo ya fara: Bayajida ya sauka Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, aka ba shi gari da sarauniyarsa. Ko mutum ya ɗauki labarin tarihi ne ko almara, darasin da iyaye suka sa a ciki a fili ya ke: baƙon da ya kawar wa gari wata masifa ya zama na gida.

A Kano ko wace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, da can kuwa a kan rufe ƙofofin da dare. Fatake su kan sauka Fagge, bayan ganuwa, ko gidan fatoma wanda zai ba su masauki, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu in rigima ta taso. Amma wanda ya zo da abin da gari ke bukata, a kan jawo shi ciki. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, aka ba su limanci da ladanci da alƙalanci. Shehu Magili ya zo zamanin Muhammadu Rumfa, wajen 1492, ya rubuta wa Sarki nasiha kan sha'anin mulki. Zuriyar da a ke dangantawa da shi su ne Sharifai, suna da unguwarsu cikin birni, shugabansu Sidi Fari yana da mazauninsa a fada. Babu mai ce musu baƙi yau.

Inda muka je mu ma haka aka yi mana. Sarkin Zango a Kumasi, Sarkin Hausawa a Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, duk tsari ɗaya ne: masu gari su amince da mutum ɗaya, shi ya zama bakin jama'arsa, shi kuma za a riƙe in wani nasa ya yi ɓarna.

Kusa kusan nan ma an yi wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan China, aka naɗa masa rawani a fada. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin Sinawan Kano da masarauta, ya sasanta in saɓani ya shiga tsakaninsu da 'yan gari. Saɓanin kuwa ba ƙirƙira ba ne, gama a 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa 45 masu cinikin atamfa a kasuwar Kantin Kwari. To, a lura: rawanin nan bai mai da shi ɗan Nijeriya ba, bai kuma ɗauke wa Sinawan Kano neman takardar zama ba. Sarki ya ba da abin da ke hannunsa, watau girma da ƙofar fada. Fasfo a hannun Gwamnatin Tarayya ya ke.

WANNAN BIRNI A ZAMANIN DA

Guangzhou ta haura shekara dubu biyu da ɗari biyu, an kafa ta a 214 kafin haihuwar Annabi Isa da sunan Panyu. Su ma labarin asalinsu na baƙi ne. Suka ce an yi yunwa, sai ga waɗansu mutum biyar daga sama bisa raguna biyar, ko wane rago da zangarniyar shinkafa a bakinsa, suka ba mutane iri suka tafi. Shi ya sa a ke kiran garin Birnin Raguna, shi ne kuma ma'anar dutsen nan da aka sassaƙa a lambun Yuexiu.

Zamanin daular Tang jiragen Larabawa da Farisawa sun cika tashar nan, su kuwa Khanfu su ke ce da garin. Hukuma ta ware musu unguwa mai suna Fanfang, watau zangon baƙi, wajen da masallacin Huaisheng ya ke da hasumiyarsa mai tsawon kamar mita 36. Aka naɗa musu shugaba daga cikinsu, Fanzhang, wanda in da a Kumasi ne sai mu ce Sarkin Zango. Dokar Tang ta ce in baƙi 'yan ƙasa ɗaya suka saɓa, a yi musu shari'a da al'adarsu, in kuwa 'yan ƙasa dabam dabam ne, da dokar Sin. Wani littafin Larabci na shekarar 851, wanda ya ɗauko labari daga Sulaimanu ɗan kasuwa, ya ambaci cewa Sarkin Sin ya sa wani Musulmi yana hukunci tsakanin Musulmin Khanfu, yana kuma jan su sallar Idi. Hubbaren nan da mu ke zuwa Jumma'a kusa da shi, wanda mutanen gari ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, shaida ne na daɗewar Musulmi a nan, ko da ya ke malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa Sahabin ya rasu kusa da Madina, aka rufe shi a Baƙi'a.

Akwai wani gwamna da ya kamata mu san labarinsa, sunansa Lu Jun. Ya zo mulkin wannan lardi a 836. An yabe shi da cewa ba ya cin dukiyar jiragen baƙi kamar yadda na gabansa suka saba. Amma shi ne kuma ya kafa doka ya raba mazaunin baƙi da na 'yan gari, ya hana auratayya tsakaninsu, ya hana baƙo mallakar gona ko gida. Bayan shekara goma da 'yan kai, yana mulki a wani lardi, shi ɗin dai ya gabatar da wani Balarabe mai suna Li Yansheng ga fadar Sarki, Balaraben ya zauna babbar jarrabawar ma'aikatan daula ya ci a 848. Da mutane suka yi gunaguni, wani malami, Chen An, ya rubuta maƙala yana cewa abin dubawa shi ne zuciyar mutum da halinsa, ba ƙasar da aka haife shi ba. Ga mutum ɗaya, ya ɗaukaka baƙo guda, ya ƙuntata wa sauran. Wannan hali na hukuma bai mutu ba, a nan ko a wani wuri.

Wajen 879 ɗan tawaye Huang Chao ya ci garin. Abu Zaidu mutumin Siraf ya rubuta cewa an kashe baƙi 120,000, Musulmi da Yahudawa da Nasara da Majusawa. Ko an ƙara gishiri a lissafin, zango ya watse, ciniki ya daɗe bai farfaɗo ba.

Zamanin daular Song zango ya sake cika. Littattafan Sin sun ambaci wani attajiri Balarabe da suka rubuta sunansa Xin Yatuoluo, wanda a ke cewa mutumin Suhar ne ta ƙasar Oman. Fada ta ba shi laƙabin janar na girmamawa, ba da soja ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Wajen shekarun 1070 ya miƙa kuɗi da azurfa don a taimaka a gyara ganuwar Guangzhou, aka ƙi karɓa. An yarda ya sa rigar girma, ba a yarda ya sa hannu a ganuwa ba.

Daga 1757 Sarkin Sin ya ƙayyade cinikin Turawa na teku a wannan tasha kaɗai, wadda su ke kira Kanton. Aka tsare su a wani ɗan fili bakin kogi, bayan ganuwa, inda gidajen ciniki goma sha uku su ke. Ba su shiga birni, ba su kawo matansu, in lokacin ciniki ya wuce su koma Makau. Ko wane jirgi sai da wani attajirin gari da zai tsaya masa, tamkar fatoma. Bayan yaƙin da aka gama da yarjejeniyar Nanjing a 1842, Ingilishi suka ce lalle sai sun shiga cikin ganuwa, mutanen gari suka ƙi, a 1849 ma aka sake hana su. Ƙarshenta a watan Disamba na 1857 Ingilishi da Faransawa suka buɗe ƙofar da igwa, kamar yadda aka yi wa Kano a 1903. Suka kama Gwamna Ye Mingchen suka kai shi Kalkata, can ya mutu a 1859. Tsibirin Shamian ya zama unguwar Turawa, 'yan gari ba su shiga yadda suka ga dama. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda mutanen nan ke taka tsantsan da maganar baƙo da ƙofa ba.

YADDA A KE YI YANZU

An rushe ganuwar tun wajen 1918 zuwa shekarun 1920 don a yi tituna, saura ɗan guntu a kan tudun Yuexiu. Ƙofar yanzu ta takarda ce.

Birnin ya fara ba da laƙabin ɗan gari na girmamawa a 1986, 'yan shekaru bayan ƙasar ta buɗe ƙofarta ga jarin waje. A harshensu rongyu shimin a ke cewa. Akwai dokar birni da ta tsara shi. Gwamnatin birni ita ke tace sunaye ta miƙa, zaunannen kwamitin Majalisar Wakilan Jama'a ta birnin shi ke yanke shawara, sa'an nan a yi biki a miƙa takardar shaida da lamba. Ba ɗaya ɗaya a ke yi ba, rukuni rukuni ne, bayan 'yan shekaru. Abin da a ke dubawa shi ne hidimar da mutum ya yi wa garin: jari, masana'anta, ilmi, asibiti, taimakon mabukata, ko ƙulla zumunci da wata ƙasa.

Mafi yawan waɗanda suka samu mutanen Hongkong ne da Makau da Sinawa mazauna ƙasashen waje, tare da waɗansu baƙi. Misali Henry Fok, wanda asalin gidansu Panyu ne. Shi ya sa hannu aka gina otal ɗin White Swan a tsibirin Shamian, aka buɗe a 1983, ya kuma nace cewa a bar ƙofarsa buɗe ga kowa, har talakan gari mai son kallo kawai, a wurin da da can a ke hana kakanninsu shiga. Ga kuma Gordon Wu, injiniya, wanda ya gina China Hotel da aka buɗe a 1984, da babbar hanyar mota ta Guangzhou zuwa Shenzhen, mai tsawon kilomita 120 da 'yan kai, wadda aka buɗe sosai a 1997. Irin ma'aunin ke nan.

To, ga amsar tambayar da aka yi mana. Laƙabin nan girma ne, da gayyata zuwa manyan bukukuwan gari, da sauƙin ganin manya. Ba ya mai da mutum ɗan ƙasar Sin. Ba ya zama madadin biza ko takardar zama. Ba a gadonsa. Birni ba shi da ikon ba da abin da ke hannun gwamnatin tsakiya, daidai da yadda Sarkin Kano ba ya ba da fasfo.

INDA MU KE TSAYE

Kafin mu ji haushi, mu dubi maƙwabtanmu. Tun 1958 ƙasar nan ke da rajistar gida da a ke kira hukou, wadda ta ɗaure ko wane mutum ga garin asalinsa. Ƙidayar 2020 ta sami mazaunan Guangzhou sun haura miliyan 18 da rabi, amma masu rajistar garin ba su kai miliyan 10 ba. Watau kusan rabin mutanen da mu ke gogayya da su a jirgin ƙasa da kasuwa, Sinawa ne haifaffu, amma a takarda baƙi ne a garin nan, suna fama da maganar makarantar yara da asibiti. Mu da muka san wahalar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a gida, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mu kuwa dokoki uku ke riƙe da mu. Ta fari dokar zama ɗan ƙasa ta 1980. Ta ce Sin ba ta yarda da mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Ta ce yaron da aka haifa a Sin, in uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne, ɗan Nijeriya ne. Sabo da haka 'ya'yan waɗanda suka auri 'yan gari ƙasa biyu ke kiransu, ɗaya kuwa ba ta yarda da kishiya ba. Baƙo yana iya neman zama ɗan ƙasa, amma sai ya saki tasa, ƙidayar 2010 kuwa mutum 1,448 kawai ta samu a duk faɗin ƙasar waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa.

Ta biyu katin zama na dindindin, wanda aka fara a 2004, aka fito da sabon samfurinsa a watan Disamba na 2023. Ga mai aure da ɗan ƙasa, sharaɗin shi ne aure ya cika shekara biyar, an zauna ƙasar shekara biyar a jere, ko wace shekara ba ƙasa da wata tara ba, da tabbataccen abin hannu da wurin zama.

Ta uku dokar shige da fice wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2013. Wanda ya sauka a gidan da ba otal ba, sai ya yi rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya wuce kwanakinsa, a kan ci shi tarar yuwan 500 ko wace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15.

Mun ga ranar da takarda ma ba ta isa ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal a wannan birni, waɗansu suka kwana a titi, har wani gidan abinci ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya ya nemi gafara. Shugaban Majalisar Wakilan Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa hotunan. Lissafin hukumar gari ya nuna 'yan Afirka 13,652 a Disamba 2019, zuwa Afrilu 2020 saura 4,553. Ba kuwa Sin kaɗai ke da irin wannan ba. Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita a 1969, Hausawan zango da yawa suka bar gidajen da aka haife su ciki. Nijeriya ta yi irin nata a 1983. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, rana na fitowa a neme shi a rasa.

SHAWARARMU

Ba mu ce kada a miƙa sunan kowa ba. In Allah ya sa wata rana aka kira ɗan Hausa gaban majalisar birnin nan aka rataya masa lamba, duk sai mu sa manyan riguna mu je. Amma a san cewa girman mutum ɗaya ba ya rufe jama'a, tun zamanin Lu Jun haka abin ya ke. Abin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ke hannunmu, shi ne wannan.

Na ɗaya, kowa ya duba ranar ƙarewar takardarsa tun da sauran wata guda, ya kuma yi wa baƙon da ya sauka gidansa rajista a ranar da ya iso. Mu da aikinmu ke nan a ofis mun sha ganin babban mutum ya zubar da mutuncin shekara ashirin sabo da sakacin kwana uku.

Na biyu, masu aure da 'yan gari su zauna da matansu su yanke shawarar takardun yara tun suna ƙanana, kada a bari sai ranar shiga makaranta ko ranar tafiya gida. Wanda ya cika sharuɗɗan katin dindindin ya tattara shaidunsa ya nema, kada ya tsaya jin ta bakin masu cewa ba a bayarwa.

Na uku, mu riƙa rubuta abin da mu ke yi wa gari. Kwantena nawa mutanenmu ke aikawa daga Xiaobei da Sanyuanli, ma'aikata nawa 'yan gari ke cin abinci ta hannunmu, wane taimako aka kai masallaci ko asibiti, duk a sa cikin littafi da kwanan wata. Hukumar nan da rubutu ta ke aiki, abin da ba a rubuta ba a wurinta bai faru ba.

Na huɗu, yaranmu su ƙware a harshen Sin har rubutu, su kuma riƙe Hausa a gida. Da ɗan gari a kan ci gari, mu kuwa 'yan garinmu su ne waɗannan yara.

Na biyar, mu tsai da baki ɗaya wanda hukumar unguwa da ƙaramin ofishin jakadancinmu za su sani, mai amana, wanda zai tsaya mana ya kuma iya gaya wa namu gaskiya in ya yi laifi. Fanzhang na da, da Sarkin Zango na Kumasi, da Wakilin 'Yan China na Kano, duk aikin da suka yi ke nan.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, ya rubuto mana, za mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya shiryar da zuriyarmu, ya sa mu gama da mutunci. Amin.